Biyan Kuɗin Domen Na Shekara Goma Ba Zai Kai Shafinka Saman Google Ba

Makonni kaɗan da suka wuce wani ƙanina, ɗan baffana, ya turo mini saƙon murya da daddare. Yana sayar da caja da iyafis da murfin waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma ya daɗe yana son ya buɗe shafin intanet domin tallar kayansa ta daina tsayawa a WhatsApp kaɗai. Ya ce: "Yaya, na samu wanda zai haɗa mini shafin, amma ya ce sai na biya kuɗin domen na shekara biyar a dunƙule, in da hali ma goma. Wai Google ba ya ɗaukar mai rajistar shekara ɗaya da muhimmanci, can ƙasa yake ajiye shi. Ni kuma kuɗin da ke hannuna na sarin kaya ne. Ya kake gani?"

Na ce masa ya biya shekara ɗaya, ya mayar da sauran kuɗin cikin jarinsa. Sai dai na san ba shi kaɗai aka faɗa wa wannan magana ba. Ni kaina lokacin da na fara koyon haɗa shafuka na yarda da ita, har na riƙa faɗa wa wasu da cikakken ƙarfin gwiwa. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in yi bayanin matsayina dalla-dalla: yawan shekarun da ka biya wa domen ba ya ɗaga shafinka a sakamakon bincike. Akwai dalilai masu kyau na biyan shekaru da yawa, kuma zan kawo su, amma neman fada a wajen Google ba ya cikinsu.

Me kake saya idan ka yi rajistar domen?

Domen shi ne sunan da ake bugawa a birawuza a isa shafinka, kamar wikipedia.org ko bbc.com. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a sayen domen a mallake shi har abada. Haya ce, tamkar hayar shago a kasuwa. Kowane ƙarshen suna yana da mai kula da kundinsa: kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com, ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da .ng na Najeriya. Kai kuma kana zuwa ne ta hannun dillalai, wato kamfanonin rajista irin su Namecheap da GoDaddy da takwarorinsu na cikin gida. A ƙa'idar hukumar ICANN, domen irin .com ana biyan hayarsa daga shekara 1 zuwa 10, ba ya wuce haka a lokaci guda. Ko tsarin shekara 100 da WordPress.com ya fito da shi a 2023 a kan dala 38,000, alkawari ne kamfanin ya ɗauka na ci gaba da sabunta maka, domin kundin .com ba ya karɓar fiye da goma.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cuɗa su wuri guda. Na farko shi ne tsawon rajista, wato shekarun da suka rage kafin hayarka ta ƙare. Na biyu shi ne shekarun domen, wato tsawon lokacin da ya yi tun ranar da aka fara yi masa rajista. Na uku shi ne tarihin shafin kansa: abin da aka wallafa a ciki, waɗanda suka liƙa adireshinsa a nasu shafukan, da yadda masu ziyara suka same shi. Na ukun nan ne ke da nauyi na gaske, kuma shi ne kaɗai ba a saye da katin banki. Masu tallar shekara goma suna sayar maka da na farko ne suna yi masa kirarin na uku.

Daga ina maganar ta samo asali?

Ba haka kawai aka ƙirƙiro ta ba, tana da tushe. A ƙarshen shekarar 2003 wasu injiniyoyin Google suka shigar da takardar neman haƙƙin mallakar wata fasaha a Amurka, wadda ta yi bayanin yadda injin bincike zai iya amfani da tarihin shafi wajen auna darajarsa. Takardar ta fito fili a watan Maris na 2005, aka amince da ita a 2008 da lamba 7,346,839. A wani sashe nata an ce masu shafukan kirki sukan biya hayar domen na shekaru da dama tun da wuri, su kuwa masu shafukan bogi ba kasafai suke amfani da domen fiye da shekara ɗaya ba, don haka ana iya duba ranar ƙarewar rajista wajen hasashen sahihancin shafi.

A shekarar 2005 ɗin kuma Google ya samu lasisin zama kamfanin rajistar domen daga ICANN, alhali a lokacin ba ya sayar wa kowa domen. Sai masu sana'ar ɗaga shafuka, waɗanda ake kira 'yan SEO, suka haɗa biyu da biyu: ga takarda ta faɗa, ga shi kuma kamfanin ya samu hanyar leƙa kundin rajista. Biri ya yi kama da mutum. Daga nan maganar ta shiga jerin "abubuwa 200 da Google ke dubawa" da ake ta kwafa daga wannan shafi zuwa wancan, har ta iso wajenmu bayan shekara ashirin tana nan da ranta.

Abin lura shi ne, takardar mallakar fasaha ba bayanin yadda injin ke aiki ba ce. Manyan kamfanoni suna yi wa dubban dabaru rajista domin kada wani ya riga su, ko da ba za su taɓa amfani da su ba. Ni da nake rubuta manhaja na san tazarar da ke tsakanin abin da aka zana a takarda da abin da ke gudana a kan saba. Sau nawa mutum zai tsara wata dabara, ya gwada ta, ya ga tana jawo kuskure fiye da amfani, ya watsar? Takardar ta ce "ana iya" ne. Ba ta ce "muna yi" ba.

Me mutanen Google suka ce?

Matt Cutts, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen yaƙi da shafukan bogi a Google, yana cikin waɗanda sunansu ke kan waccan takarda. A 2009 aka yi masa wannan tambaya, ya ce kada mutane su damu da ita. Ya kuma bayyana cewa a iya saninsa babu injin binciken da ya taɓa tabbatar da cewa yana amfani da tsawon rajista wajen jera shafuka, kuma abin damuwa ne a ce wani kamfani na tallata hakan a matsayin tabbatacciyar magana. John Mueller, wanda shi ma ma'aikacin Google ne da ke amsa tambayoyin masu shafuka, ya maimaita irin wannan amsa, ya ƙara da wata hujja mai sauƙi: ƙarshen suna da yawa ba sa ma bayyana ranar ƙarewar rajista. A 2019 kuma ya ce ko shekarun domen ɗin kansu ba sa taimaka wa shafi da komai.

Wani zai ce, to ai ba za su faɗi sirrinsu ba. Gaskiya ne, ni ma ba duk abin da Google ya faɗa nake haɗiyewa ba. Shi ya sa nake so mu ajiye maganarsu gefe, mu yi amfani da hankalinmu.

Hujjoji huɗu da suka gamsar da ni

Ta farko: alamar da kowa zai iya saye da arha ba ta da amfani wajen tace na gari da mugu. A watan Satumban 2024 farashin sari na .com a wajen Verisign ya koma dala 10.26 a shekara. Shekara goma ke nan dala ɗari da 'yan kai. Mai shafin caca ko ɗan damfara da ke samun dubban daloli ba zai ko ji a jikinsa ba. Wanda zai ji shi ne ɗalibi a Zariya ko mai ɗinki a Maraɗi. Da a ce Google na amfani da wannan ma'auni, da tun ranar da takardar ta fito a 2005 'yan bogi sun gama da shi. Mun ga yadda aka yi da ɓoyayyun kalmomin da masu shafuka kan cusa a kan shafi don injin bincike: da abin ya zama wasan kowa, a 2009 Google ya sanar cewa ba ya ko kallonsu wajen jera sakamako.

Ta biyu: bayanin ba ya samuwa a ko'ina. Kundin .de na Jamus, wanda yana cikin mafi girma a duniya, ba ya nuna wa jama'a ranar ƙarewa. Haka ma .au na Ostireliya. Ta yaya za a gina ma'auni na duniya baki ɗaya a kan abin da miliyoyin shafuka ba su da shi?

Ta uku: dubi shafukan da ke zaune a ƙarƙashin blogspot.com ko wordpress.com. Masu su ba su yi rajistar domen ba sam, dukkansu suna ƙarƙashin uwar domen guda mai ranar ƙarewa guda. Amma wani yana shafin farko na Google, wani ko ka buga sunansa ba za ka gan shi ba. Bambancin daga abin da ke cikin shafin yake.

Ta huɗu: gani ya kori ji. Buɗe Google a wayarka, nemi wani abu da ka sani, misali farashin wata waya ko yadda ake duba sakamakon jarrabawa. Ɗauki shafuka goma na farko, ka shigar da sunayensu ɗaya bayan ɗaya a shafin ICANN Lookup, ka duba ranar ƙarewar kowanne. Na sha yin haka, kuma kullum abin a gauraye nake samunsa: wani saura wata biyar yana sama, wani saura shekara bakwai yana ƙasa da shi. Masu shafuka da yawa, har da manya, suna barin rajistarsu ne tana sabunta kanta duk shekara.

Eh, za ka ga wasu manyan kamfanoni sun biya shekaru masu yawa kuma suna saman Google. Amma wanne ya haifi wanne? Girmansu ne ya sa suke da kuɗin biya da kuma tsoron rasa sunan. Alhajin da ya biya hayar shagonsa ta shekara biyar a Kantin Kwari, ba biyan ne ya kawo masa kwastoma ba. Kwastomomin ne suka ba shi kuɗin biyan.

Hujjar ɗaya ɓangaren da ba zan ɓoye ba

A watan Mayun 2024 dubban shafuka na bayanan cikin gida na Google suka ɓulla a intanet. Rand Fishkin da Mike King ne suka fara yin sharhi a kansu. A ciki an ga cewa Google yana adana ranar da aka yi wa domen rajista da ranar da za ta ƙare, an kuma ga wani ma'auni na shekarun shafi da aka bayyana cewa ana amfani da shi wajen killace sababbin shafukan bogi. Google ya amsa cewa takardun nasa ne, amma ya gargaɗi mutane kada su yanke hukunci da bayanan da aka cire daga muhallinsu, ko suka tsufa, ko ba su cika ba.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi ke da ita, kuma ta cancanci a amsa ta. Amsata ita ce: adana bayani daban, ba shi maki daban. A takardun ba a nuna nauyin da aka bai wa ko wane bayani ba. Sannan akwai aikin da ranakun rajista za su yi wa Google wanda bai shafi saka wa mai dogon haya ba. Watanni biyu kafin takardun su fito, a watan Maris na 2024, Google ya sanar da sabuwar doka a kan masu sayen domen da hayarsa ta ƙare domin su ci moriyar sunan da tsohon mai shi ya gina, misali a sayi tsohon domen na wata makaranta ko ƙungiyar agaji a cika shi da tallar caca. Ta yaya za ka kama irin wannan in ba ka san lokacin da domen ya mutu ya sake tashi a hannun wani ba? A ganina nan ne amfanin ranakun ya fi bayyana.

Ko da mun ɗauka cewa a can ƙarƙashin injin akwai wani ɗan guri da ranar ƙarewa ke shiga cikin lissafin gano shafukan bogi, wannan ba ya nufin mai shafin kirki zai hau sama don ya ƙara shekara tara. Mai gadi na iya duba takalminka a ƙofa, amma ba takalmin ne zai ci maka jarrabawa ba.

Wa ke cin ribar wannan jita-jita?

Duk shawarar da aka ba ka, ka duba aljihun wa kuɗin zai shiga. Kamfanin rajista ya fi son ya karɓi kuɗin shekara biyar yau maimakon ya jira ka duk shekara, musamman da yake shafuka da yawa ba sa kaiwa shekara ta biyu. Shi ya sa a wasu kamfanonin za ka tarar an riga an zaɓa maka shekara biyu ko fiye a wajen biyan kuɗi, sai ka lura ka mayar da ita ɗaya. Masu rubuta sharhi da ke samun kamasho idan ka saya ta hanyar adireshin da suka liƙa, su ma babbar ciniki ta fi musu. Haka nan wasu daga cikinmu masu haɗa shafuka, waɗanda ke ɗora ribarsu a kan kowace shekara. Ban ce duka da gangan suke yi ba. Da yawa sun ji ne sun yarda, kamar yadda ni ma na taɓa yi. Amma maganar da ke kawo wa mai faɗarta kuɗi ba ta saurin mutuwa.

Yaushe ya dace ka biya shekaru da yawa?

Dalili na farko shi ne tsoron mantuwa, kuma a nan jiki magayi. Na taɓa haɗa wa wata 'yar kasuwa mai sayar da turaren wuta da humra shafi. Ya fara samun baƙi daga Google, tana samun oda daga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Mun kunna sabuntawa ta kai-tsaye muka saki jiki. Lokacin sabuntawar ya zo daidai da lokacin da bankunan Najeriya da yawa suka taƙaita ko suka dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira a 2022. Katin ya ƙi aiki. Saƙonnin tunatarwa kuma suna ta shiga wani tsohon imel nawa da na daina buɗewa. Sai da ta kira ni ta ce, "Malam, shafin nan fa wani abu daban yake nunawa," sannan na farga. Mun yi sa'a muka ceto shi da ƙarin kuɗin fansa, amma makonnin da ya yi a rufe sun sa wasu shafukansa suka ɓace daga Google, sai da aka ɗauki lokaci kafin su dawo. Laifina ne, kuma daga aljihuna na biya.

Ga yadda abin ke tafiya a domen irin .com. ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya tunatar da kai kusan wata ɗaya kafin ƙarewa, da kuma kusan mako ɗaya kafin ƙarewa. Bayan ƙarewa akwai 'yan kwanakin rangwame da ba sa wuce 45, gwargwadon tsarin kamfanin. In aka goge sunan, sai kwana 30 na fansa, inda kuɗin kan ninka na shekara sau da yawa. Daga nan sai kwana 5 na jiran saki, sannan ya zama na mai rabo. Wasu kamfanonin ma tun kafin a kai nan suke sa shi a gwanjo. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye, da manhajojin da ke cafke su cikin ƙiftawar ido.

Wannan mantuwa ba ta bar manya ba. A watan Disamban 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, abin da ya jawo wa masu amfani da Hotmail matsalar shiga akwatinsu, sai wani bawan Allah da ba ma'aikacinsu ba ya biya dala 35 ya ceto shi. Foursquare ya yi irin wannan a 2010, kamfanin Marketo ma a 2017. To ka ga inda tsawon rajista ke taɓa matsayinka a Google da gaske: ranar da hayar ta ƙare shafin ya mutu. Biyan shekaru da yawa inshora ce daga faɗuwa ƙasa, ba tsani ba ne na hawa sama.

Dalili na biyu shi ne farashi. Kuɗin sarin .com ya daɗe a dala 7.85, sai ya koma 8.39 a 2021, 8.97 a 2022, 9.59 a 2023, 10.26 a 2024. Mu a Najeriya kuma ga ƙarin ciwon canji. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya biya shekara biyar kafin wannan faɗuwa ya ci riba ta zahiri. Wannan lissafin kasuwanci ne mai ma'ana, kuma ba ruwansa da injin bincike. Wata hanyar kauce wa dala ita ce ɗaukar .com.ng ko .ng, waɗanda ake biya da naira, kuma suna nuna wa Google cewa shafin na mutanen Najeriya ne.

Amma sai ka cika sharuɗɗa biyu. Na farko, aikin ya riga ya nuna zai rayu. Yawancinmu mun san shafuka nawa muka buɗe da zumuɗi muka watsar bayan wata uku, kuma kuɗin rajista ba a mayarwa. Na biyu, wanda ya fi komai muhimmanci: domen ɗin ya kasance a asusunka, da sunanka da imel ɗinka. Mutane da yawa suna bai wa mai haɗa shafi kuɗi, shi kuma ya yi rajista a nasa asusun. Ranar da kuka saɓa, ko ya canza lamba, ko ya bar sana'ar, ka yi asarar sunan kasuwancinka. Biyan shekara goma a asusun wani, gini ne a filin aro. In kuwa a asusunka yake, ko ka sauya kamfanin rajista shekarun da ka biya suna bin ka, sai dai ka jira kwana 60 bayan rajistar farko kafin a bari ka ƙaura.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Mu yi lissafi. In dala tana naira 1,500, ƙarin shekara tara na .com ya haura naira 138,000 a farashin sari na 2024, kafin dillali ya ɗora nasa. Ga mai ƙaramin jari wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga inda nake ganin zai fi yi maka aiki.

Saurin buɗewa a waya. Google yanzu da fuskar waya yake karanta shafuka, kuma ma'auninsa shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Masu ziyararka suna kan ƙananan wayoyin Android ne da data ta awo da netwok mai zuwa yana ɗaukewa. Masauki mai kyau ga shafin da hotunan da aka rage musu nauyi sun fi maka shekara tara na rajista.

Makullin tsaro. Tun 2014 Google ya sanar cewa HTTPS na cikin abubuwan da yake dubawa, ko da nauyinsa kaɗan ne. Let's Encrypt na bayar da shi kyauta. Ka lura da bambanci: wannan Google ne da bakinsa ya tabbatar, kuma ba ya buƙatar ko sisi.

Kayan aikin Google na kyauta. Search Console zai nuna maka kalmomin da mutane suka buga suka ganka, da shafukan da injin ya kasa karantawa. In kana da shago, Google Business Profile zai sa ka fito a taswira ga mai neman kaya kusa da shi.

Rubutu mai amsa tambaya. A nan ne mu masu Hausa muke da damar da mai Turanci ba shi da ita. Tambayoyi da yawa da mutane ke bugawa da Hausa har yau ba su da amsa mai kyau a intanet. Mai sayar da caja da ya zauna ya rubuta yadda ake bambance caja ta asali da jabu, da hotunan da ya ɗauka da kansa a shagonsa, ba shi da abokan gasa da yawa. Ka rubuta da kalmomin da mutane ke bugawa da gaske, ba waɗanda kai kake ganin sun fi burgewa ba. Irin wannan rubutu ne wasu shafuka ke liƙa adireshinsa, mutane su riƙa turawa juna, kuma da haka tarihin shafi ke ginuwa.

Abin da na ce wa ƙanina

Na ce ya buɗe asusu da kansa a kamfanin rajista, da imel ɗin da yake dubawa kullum, ya biya shekara ɗaya. Ya kunna sabuntawa ta kai-tsaye, amma kada ya dogara da ita kaɗai: ya sa tunatarwa a kalandar wayarsa wata biyu kafin ƙarewa. Ya kunna tantancewa mai mataki biyu a asusun. In shekara ta zagayo shafin na kawo masa ciniki, sai ya biya shekara biyu ko uku don kwanciyar hankali. Shi kuma mai haɗa shafin, na ce ya tambaye shi abu ɗaya cikin ladabi: a ina Google ya faɗi haka? In ya kawo takardar 2005, to yanzu ya san amsarta.

Kai ma mai karatu, in kana da domen, kada ka rufe wannan shafi sai ka duba abu biyu: yaushe hayarsa za ta ƙare, kuma sunan wa ke kan rajistar.